Minti Ashirin A Gaban Jadawalin Layi

A jarrabawar IELTS, awa ɗaya cur ake bai wa ɓangaren rubutu. Wanda ya zaɓi nau'in da jami'o'i da hukumomin lafiya ke nema, abin da zai fara cin karo da shi zane ne. Wata rana taswira ce, wata rana teburin alƙaluma, sau da yawa kuma jadawalin layi: layuka biyu ko uku ko huɗu suna hawa suna gangarowa a tsawon wasu shekaru. Ana so ya bayyana abin da ya gani da Turanci cikin kalmomin da ba su gaza 150 ba, kuma shawarar masu shirya jarrabawar ita ce kada ya wuce minti 20 a kai, domin insha'in da ke jiransa a gaba na kalmomi 250 ne, makinsa kuma ninki biyu ne na wannan.

Ƙaramin aiki ne a ido, amma ya tsayar da tafiyar mutane da yawa. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, wato NMC, tana neman maki 7 a karatu da saurare da magana, da 6.5 a rubutu. Ta likitoci kuwa, GMC, tana neman 7.5 a dunƙule, kuma kada kowane ɓangare ya gaza 7. Ma'aikaciyar jinya za ta iya cin 7.5 a saurare, ta ci 7 a magana, sai rubutu ya tsaya mata a 6. Rabin maki kawai ya rage, amma dole ta sake tara kuɗi masu nauyi ta koma ɗakin jarrabawa, ga shi kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya daina aiki a mafi yawan wurare.

Ɗana, 'yata, wannan nasihar ba don a tsorata ku ba ce. Mafi yawan matasan da ke tuntuɓe a wannan wuri suna jin Turanci daidai gwargwado, wasu ma sun yi digiri da shi. Abin da ke kayar da su shi ne ɗora biro a takarda kafin su kalli zanen da kyau, da kuma wasu 'yan ɗabi'u da suka gada daga masu koyarwa na gaggawa. Duk abubuwa ne masu gyaruwa.

Yana da kyau a fara sanin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan zane tun asali. A shekarar 1786, wani injiniya ɗan Sikotilan mai suna William Playfair ya wallafa littafi a kan cinikayyar Ingila da sauran ƙasashe. Maimakon ya jera teburan alƙaluma kamar yadda aka saba, sai ya ja layi biyu, ɗaya na kayan da ake shigowa da su, ɗaya na waɗanda ake fitarwa. A zanensa da ya fi shahara, na cinikin Ingila da Denmak da Norwe daga 1700 zuwa 1780, mai kallo yana ganin inda layin kayan fitarwa ya taso daga ƙasa, ya tsallake ɗan'uwansa a tsakiyar ƙarnin, ya yi masa nisa. Abin da sai an kwana ana lissafi kafin a gano shi, ga shi ido ya kama shi da kallo ɗaya. To, amfanin jadawalin layi ke nan: ya tattara tarin lambobi ya mai da su labari guda. Ɗalibin da ya karɓi zanen ya shiga jera lambobin shekara bayan shekara, ya warware aikin da aka yi ne, ya mai da hannun agogo baya.

A ɗauki misali da abin da kowane magidanci a Nijeriya ya sani: farashin litar man fetur na hukuma daga 2010 zuwa 2019. A 2010 da 2011 yana kan naira 65. Ranar 1 ga Janairun 2012 ya yi tsalle zuwa wajen naira 141, bayan mako biyu ya dawo 97. Ya zauna a nan shekara uku, a Janairun 2015 ya sauko 87. A watan Mayun 2016 ya hau 145, ya tsaya a wurin har ƙarshen 2019.

A miƙa wa ɗalibai biyu wannan zane. Na farko zai fara: a 2010 kaza ne, a 2011 kaza ne, a 2012 kaza ne, har ya kai ƙarshe. Babu lambar da ya kuskure, babu jimlar da ya karya, amma mai karatu zai gama bai san abin da ya faru da farashin ba. Ta biyun za ta yi shiru na minti biyu ko uku tana kallo. Za ta lura cewa layin ya fara a ƙasa ya ƙare a sama, ya ninka sau biyu da ɗoriya. Za ta lura cewa ba a hankali ya hau ba, tsalle biyu ya yi, kuma a tsakaninsu a kwance yake tsawon shekaru. Sai ta rubuta jimla ɗaya kamar haka: "Overall, the price more than doubled, rising in two sharp jumps with long flat periods in between." Da wannan jimla kaɗai ta riga ta yi wa abokin karatunta nisa.

Wannan dunƙulallen bayani shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ba ra'ayin wani malami ba ne. Masu jarrabawar sun wallafa ma'aunin da suke ba da maki da shi, kowa na iya karantawa kyauta a intanet. Abubuwa huɗu ake dubawa: cika abin da aka nema, tsarin bayani da yadda ya haɗu, yalwar kalmomi, sai nahawu. A na farkon, an bayyana ƙarara cewa maki 7 na wanda ya ba da dunƙulallen bayani bayyananne ne a kan manyan sauye-sauyen da zanen ya nuna, shi kuwa wanda ya yi ta jero ƙananan bayanai ba tare da ya haɗe su ba, wajen 5 yake tsayawa. Abin tausayi, da yawa daga cikin matasanmu sun biya kuɗin jarrabawa, sun biya na darasi, amma ba su taɓa buɗe wannan takarda mai 'yan shafuka ba.

Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya dawo daga kasuwar Dawanau aka ce masa, "Yaya kasuwa?" ba ya fara da kuɗin kowane buhu. Cewa yake yi, "Masara ta tashi, gero na nan yadda yake, wake ne ya ɗan sauko." Sai in an nemi ƙari ya shiga lissafi. Haka ake so a yi wa jadawali: kanun labari tukuna, alƙaluma su biyo baya a matsayin shaida.

Su ma alƙaluman zaɓa ake yi. A cikin kalmomi 150 zuwa 180 babu wurin kowace lamba. Inda layi ya fara, inda ya ƙare, inda ya kai ƙololuwa, inda ya faɗi warwas, da inda ya juya: waɗannan su ne wuraren da ake tsayawa. Idan layukan sun fi ɗaya, akwai wuri na shida da ya fi su duka daraja, wato mahaɗa. Da za a ba ɗalibi zanen yawan al'ummar Sin da Indiya, ya cika shafi da bayanin Sin, ya koma ya cika wani da na Indiya, amma bai faɗi cewa a 2023 layin Indiya ya tsallake na Sin ba, kamar yadda ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna, to ya bar jaki yana dukan taiki. Layukan da suka tafi hanya ɗaya a haɗa su a sakin layi guda, wanda ya bambanta a ware shi, a riƙa gwama su da juna.

Akwai wani tarko kuma da ya fi kama masu ilimi da masu bin labarai. Matashin da ya rayu a Kano ko Legas a Janairun 2012 ya san abin da ya sa layin farashin fetur ya yi tsalle, ya san batun janye tallafi, ya san yajin aiki da zanga-zangar da suka sa gwamnati ta dawo da farashin 97. Hannunsa zai riƙa yi masa ƙaiƙayi ya rubuta. Gaskiya ce abin da ya sani, amma ba ta cikin zanen, kuma ba a tambaye shi ba. A wannan aiki gani ya kori ji. Duk jimlar da ta fara da "because" a kan abin da jadawalin bai nuna ba, ta cinye wuri da lokaci, ba ta kuma kawo maki. Haka ra'ayi: ba wurin cewa gwamnati ta kyauta ko ba ta kyauta ba ne, wannan a adana shi don insha'in da ke tafe. Mai rubutun nan yana ganin wannan horo ya fi makin kansa amfani. Mutumin da ya koyi raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ke zato, ya koyi abin da zai yi masa rana a duk rahoton da zai rubuta a rayuwarsa. Ma'aikaciyar jinyar da ke miƙa aiki da asuba, tana bayyana yadda zafin jikin mara lafiya ya hau ya sauka cikin dare, wannan aikin take yi sak, kuma ran mutum ne a hannunta.

Kafin a kai ga kalmomi, sai an karanta gefe da gindin zanen. Layin tsaye yana faɗin abin da ake aunawa da ma'auninsa: dubbai ne ko miliyoyi, tan ne ko lita, adadi ne ko kashi cikin ɗari. Wanda ya ga 55 ya rubuta mutum 55 alhali miliyan 55 ake nufi, ya ɓata takardarsa tun daga farko. Layin kwance kuma yana faɗin lokaci, kuma ba kullum tazarar ke zama daidai ba. Ƙidayar Nijeriya ta 1963 ta ba da kusan mutum miliyan 55.7, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 kuma miliyan 140 da 'yan kai. Ta 1973 an soke ta. In aka jera shekarun uku kusa da juna, mai gaggawa zai ɗauka matakai ne masu tsawo ɗaya. Alhali na farko shekara 28 ne, aka ƙaru da kusan miliyan 33. Na biyu shekara 15 kacal, aka ƙaru da fiye da miliyan 51. Wanda ya lura da wannan ne zai iya cewa hawan ya ƙara sauri, ya kuma kafa hujja.

Wani kuskuren ya fi wannan ɓoyuwa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi a kan kashi 34.19 cikin 100 a watan Yunin 2024, ta sauko 33.40 a Yuli, ta ƙara saukowa 32.15 a Agusta. Layin ya sunkuya ƙasa, babu shakka. Amma ɗalibin da ya rubuta cewa farashin kaya ya sauka ya faɗi abin da ba haka ba. Kaya ba su yi sauƙi ba. Saurin tashinsu ne ya ɗan ragu. Layin yana auna gudun hawan ne, ba kuɗin kayan ba. Haka nan daga kashi 22.41 na Mayun 2023 zuwa kashi 34.80 na Disambar 2024, ba za a ce an ƙaru da kashi 12 cikin 100 ba. Tazarar ɗigo 12 ce da ɗoriya, abin da Turawa ke kira "percentage points". In kuwa aka auna ta da inda aka faro, ƙarin ya haura rabi. 'Yan jarida ma kan faɗa wannan rami, don haka babu abin kunya ga ɗalibi, sai dai ya kiyaye.

Yanzu ga kalmomin. Akwai wasu ƙanana guda biyu da suka fi manyan kalmomi ɓarna, "to" da "by". Hausa ta riga ta raba su: farashi ya tashi zuwa naira 145, farashi ya ƙaru da naira 58. Na farko inda aka isa ne, na biyu tazarar da aka ci daga 87. Wanda ya musanya su ya canza labarin baki ɗaya, duk da cewa jimlar tasa lafiya lau take a nahawu. Dabara mai sauƙi ita ce mutum ya faɗi jimlar da Hausa a zuciyarsa: in "zuwa" ce ta fito, "to" ake so, in "da" ce, "by".

Sai batun kambama abu. An koya wa yara da yawa cewa manyan kalmomi ke jawo maki, sai ka ga "skyrocketed" da "plummeted" da "dramatically" a kowane layi. Daga 65 zuwa 141 cikin dare ɗaya, wannan ya cancanci babbar kalma. Daga 97 zuwa 87 kuwa ɗan sassauci ne, "fell slightly" ta wadatar. In ɗalibi ya kashe babbar kalmarsa a kan ƙaramin motsi, me zai faɗa in babban ya zo? Haka "fluctuated": ba a faɗinta sai layi ya yi ta hawa da sauka sau da dama. Wasu sun mai da ita mafaka, duk inda suka kasa gane abin da layi ke yi sai su jefa ta. Mai duba takarda yana neman kalmar da ta dace da girman motsin ne, ba wadda ta fi tsawo ba. Kalmomi goma sha biyu da mutum ya san nauyin kowace sun fi hamsin da ya haddace jiya da dare.

Inda layi ya faɗa tsakanin lambobi biyu, ba a ƙirƙirar lamba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: "about", "just under", "slightly over" an yi su ne don irin wannan wuri, kuma amfani da su alamar natsuwa ce.

Lokacin aikatau ba shi da wuya in aka duba shekarun. Zanen da ya ƙare a 2019 labarin da ya wuce ne, shuɗaɗɗen lokaci zai ɗauka daga farko har ƙarshe. In ya miƙa zuwa 2040 ko 2050, wannan ɓangaren hasashe ne, a nuna cewa ana sa ran haka ne, ba a tabbatar ba. Matsalar da aka fi gani ita ce zamewa: a fara da "rose", a tsakiya a koma "rises" ba tare da an ankara ba. A Hausa, in an kafa lokaci a farkon zance, sauran jimlolin kan bi shi ba sai an yi ta sabunta alama ba. Turanci kuwa kowane aikatau sai ya ɗauki tasa.

Dole a yi magana a kan haddatattun jimloli, domin su ake sayarwa a ɗakunan darasi da zaurukan WhatsApp da sunan sirrin cin maki 8. Jimla ce doguwa mai ƙyalli, a bar gurbi biyu ko uku a cike. Masu duba takardun nan horarru ne, sun ga irinta ba adadi, kuma nan da nan suke gane inda muryar ɗalibi ta tsaya ta aro ta fara. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya halatta a riƙe shi ne tsari: jimla ɗaya da ke faɗin abin da zanen yake nunawa, da kalmomin ɗalibi ba kwafin tambaya ba, jimla ɗaya ko biyu na dunƙulallen bayani, sai sakin layi biyu na shaida. Tsari nasa ne ya ɗauka ko'ina, kalmomin kuwa zanen ranar ne zai ba shi su. Masu yi wa ɗalibai alƙawarin takardar sakamako ba tare da zama jarrabawa ba, waɗannan kam a guje su nesa. Jami'o'i da hukumomi suna tantance sakamako kai tsaye daga rumbun masu jarrabawar, kuma wanda aka kama da jabu ya rufe wa kansa ƙofar da ƙila nan gaba da ta buɗe.

To, yaya ake koyo? 'Yata, ɗana, ba sai da tsadadden darasi ba. Jadawalin layi na ko'ina: a rahotannin Hukumar Ƙididdiga, a shafin Babban Bankin Nijeriya, a na Bankin Duniya, a jaridu, har a wayar hannu inda ake nuna yawan datar da aka ci a wata. Mai koyo ya ɗauki guda ɗaya kullum. Kafin ya taɓa biro, ya faɗa wa wani a gida abin da zanen ke cewa, da Hausa, cikin jimla biyu. In mahaifiya ko ƙanwa ta gane ba tare da ta ga zanen ba, to ya kama labarin. In ta ce, "Ban gane ba," matsalar ba ta Turanci ba ce tukuna, ya koma ya sake kallo. Wannan mataki ne da ɗalibai ke rainawa, alhali shi ke raba wanda ya fahimta da wanda ke kwafar lambobi.

Daga nan sai ya kunna agogo. Minti uku na kallo da zaɓe, wajen goma sha huɗu na rubutu, ragowar na dubawa. Da farko ba zai gama a kan lokaci ba, kada wannan ya karya masa gwiwa; yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Akwai gwaji mai kyau da abokai biyu za su riƙa yi wa juna: ɗaya ya rubuta bayaninsa, ya ɓoye zanen, ya miƙa wa ɗayan takardar ya ce ya zana layin daga abin da ya karanta. In aka ɗora zanen biyu suka yi kama, rubutun ya yi aikinsa. In aboki ya zana dutse inda ainihin zanen ke da fili, to an san jimlar da za a gyara, ba sai malami ya nuna ba.

Mai shirin yin jarrabawar a kwamfuta ya saba da buga rubutu tun yanzu. A can allon na ƙirga masa kalmomi. Mai yin atisaye da hannu kuwa ya san yawan kalmomin da yake zubawa a layi ɗaya, don kada ya ɓata lokaci yana ƙirga ɗaya bayan ɗaya. A mintunan ƙarshe ba sabuwar jimla ake ƙarawa ba. A bi kowace lamba a gwada ta da zanen, a duba ko an faɗi ma'auninta, a bi aikatau ɗaya bayan ɗaya a ga ko lokacinsu bai zame ba. Da minti 20 sun cika, ko da saura jimlar da ake son gogewa, a bar ta a juya shafi, domin kashi biyu cikin uku na makin rubutu yana cikin insha'in da ke gaba.